Kunyar ɗan fari da na fake da ita

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, yau na ce bari ni ma in sauke nawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, wannan kuwa ba zai yi mini wuya ba, domin rashin ambaton suna abu ne da na ƙware a kansa, kamar yadda za ku gani.

A shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ina matar aure 'yar shekara ashirin da 'yan kai, muna haya a Tarauni, ciki da falo, can bayan kasuwa. Maigidana direba ne, a lokacin ya samu aikin tuƙa wani sabon ɗan siyasa, in ya fita da safe sai sanda Allah ya yi masa dawowa. Ni kuma ina ɗan taɓa ɗinki da keken da aka sa mini cikin kayan ɗaki. Abin da aka san ni da shi a dangi da unguwa shi ne kunya. Asalinmu mutanen ƙauye ne, da jinin Fulani ta wajen mahaifina, wanda aiki ya kawo shi birni ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi har Allah ya karɓi abinsa. A gidanmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta yi masa wasa, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta sunkuyar da kai. Sa'o'ina 'yan birni sun daɗe da watsar da wannan, suna kiran 'ya'yansu gatsal a gaban surukai. Ni kuwa na riƙe al'adar da hannu bibbiyu, saboda tana jawo mini yabo, ni kuma a lokacin yabo yana saurin shiga kaina.

Ɗana na fari namiji ne, aka sa masa sunan mahaifin mijina, kun ga kunya ta zama biyu ke nan. A ɗakin Inna, mahaifiyata, na yi wankan jego. Cikin makon haihuwa idanunsa suka yi rawaya, aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe har ta lafa, muka yi arba'in na koma ɗakina. A can Tarauni, ni da shi cikin ɗaki, na fara ganin abin da ba na so in gani. Watanni suna tafiya wuyansa bai tsaya ba. Hannayensa kullum a dunƙule, in zan yi masa wanka sai jikinsa ya sandare. 'Ya'yan maƙwabta da aka haifa bayansa suka fara zama, shi ko kansa ba ya iya riƙewa. Na sani sarai akwai matsala, amma ban gaya wa kowa ba, na ce wa kaina ai mai kunya ba ta kai ƙarar lafiyar ɗan fari. Sai da Inna ta zo ganinmu wata rana, ta ɗaga shi, kansa ya langaɓe baya, ta dube ni na kau da kai. Ita ta goya shi ta kai shi babban asibitin da ke kusa da gidanta. Da ta dawo ba ni ta yi wa bayani ba, maigidana ta yi wa a falo. Likita ya ce shawarar nan ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, da wuya ya yi tafiya, magana ma sai abin da Allah ya yi, sai dai a riƙa kai shi gashi don kada gaɓoɓinsa su ƙage. Ina ciki ina ji. Abin da na yi shi ne na ƙara taka keken ɗinkina da ƙarfi.

Da lokacin yaye ya yi, Inna ta zo ɗaukarsa kamar yadda aka saba, kaka ke yaye ɗan fari, sau da yawa ma a wurinta yake zama. Ta ƙara da cewa gidanta ya fi kusa da asibiti, ba sai an yi ta wahalar mota ba. Babu wanda ya ga abin mamaki a ciki. Ni kuwa faɗuwa ta zo daidai da zama. Na ninke masa 'yan kayansa a leda, ban raka su ko bakin zaure ba, matan gidanmu suna ta cewa kai, wannan yarinya da kunya take. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce sauƙi na ji. Ranar na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Tsoron yaron nake ji, tsoron kallon da mutane ke yi masa, da tsoron a ce ni ce na haife shi. Al'ada ta miƙo mini mayafi, na lulluɓe wannan tsoron da shi.

Bayansa na haifi 'yan mata biyu lafiyayyu, waɗanda nake kira da sunansu, in goya su, in yi musu kitso da tawai. Tsakanin Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi kuwa tafiyar ƙafa ce, a kan acaɓa kafin ka gama gyara zama an iso. Kowace Juma'a nakan je gaida Inna da 'yar langar abinci. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, nata na can ƙarshe. Wurin zamana ɗaya ne, bakin ƙofa daga ciki, a kan tabarma, na ɗan ba wa gadon baya. A kan gadon yake, an tokare shi da matasai. In gaida ta, in tambayi jikinta, in tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da akuyar maƙwabta, amma ban taɓa cewa ya yaron ba. Ita kuma sai ta shiga wasan kaka da jika, ta ce mijin nan nata ya cika mulki, ba ya cefane sai ci, ga kishi, ko tsakar gida ta fita sai ya yi fushi. In yi murmushi ina kallon ƙasa. Na lura duk Juma'a yana cikin wanka da 'yar shaddarsa mai guga, har da turare, sai na ɗauka don darajar ranar ce.

Ban tsaya na lissafa abin da riƙon nan ya ci wa Inna ba sai daga baya. Da tana suyar waina a ƙofar gida da safe, masu jinya daga asibiti suna saye, ta bari saboda safiya ce lokacin kai shi gashi. Mace ce mai son mutane, da ba a biki ko suna a dangi ba ita. Ta daina zuwa, don babu wanda za ta bar wa shi, in kuma ta je da shi sai yara su kewaye su, manya su yi ta Allah sarki. Ƙawayenta suka yi mita har suka gaji, daga nan aka daina ma gaya mata. Yana girma tana tsufa. Wata rana ina cikin tasi za mu biki Hotoro, na sha anko da ɗaurin ɗankwali, na hango ta a bakin titin Zariya tana jiran motoci su tsagaita ta tsallaka. Yana goye a bayanta, ƙafafunsa suna reto har gwiwarta, ta dafe ƙugu da hannu ɗaya. Matar da ke kusa da ni ta ce ji wata baiwar Allah, ko ina uwar yaron nan take oho. Na juya fuskata ɗaya gefen, na ce mata duniya ke nan.

Sau ɗaya tak Inna ta roƙe ni, shi ma ba kai tsaye ba, don ita ma mai kara ce. Wata Juma'a tana dama masa kunu, ba ta dube ni ba, tukunyar take kallo, ta ce bayanta ya fara ba ta labari, mijin nata ya yi nauyi. Ta ce da za ta samu mai karɓarta ko na yini ɗaya ne, da ta je Darmanawa ta dubo ƙanwarta da ke kwance ba lafiya. Wallahi na gane. Ban da yaron babu kowa a ɗakin sai ni, da wa take? Na ce Allah ya sawwaƙe, Allah ya ba ta lafiya. Juma'ar da ta zagayo na kawo mata man zafi, ta karɓa ta sa mini albarka, ba ta sake tayar da maganar ba. Ƙanwar tata ta rasu ba su gana ba, gaisuwar ma da shi a goye ta je. Maigidana, wanda shi yakan biya ya ɗauki ɗansa ya yi masa wasa in ya samu sarari, ya taɓa ce mini kunyar nan tawa ta fara yi masa kama da wani abu daban. Na sa kuka, na ce gorin tarbiyyar gidanmu yake yi mini, na yi kwanaki ina kumbura. Bawan Allah ya ba ni haƙuri, bai ƙara ba.

Yaron ya kusa shekara goma lokacin da Inna ta faɗi. Da safe ne, ta gama yi masa wanka za ta ɗaga shi daga baho, jiri ya kwashe ta. Aka ce hawan jini ne. Ba ta ƙara magana ba har Allah ya karɓi ranta a asibiti. A zaman makoki yaron bai ci komai ba sai ɗan ruwa, aka ce alhini ne, zai ware. Bayan sadakar uku dangi suka zauna a kan maganarsa, kowa dai ni yake kallo. Maigidana ya saɓa shi a kafaɗa muka taho Tarauni.

A nan na san ban san ɗana ba. Ban iya zaunar da shi ba, in na tokare nan sai can ya zame. In na kai masa cokali sai ya datse haƙora, kokon ya bi gefen baki ya jiƙa riga. Na gwada ɗura, ya ƙware har idanunsa suka firfito, na saki cokalin. Na canza kunu, na yi fate, na dama fura, duk ɗaya. Ƙaramar 'yata ta raɓe a jikin labule ta tambaye ni wai wannan ɗan Inna ne, yaushe za a mai da shi gidansu. Masu zuwa yi mini ta'aziyya suna cika falo, su yi addu'a, su tambayi 'yan matan, babu mai tambayar na cikin ɗaki, saboda kowa ya san ni mai kunya ce, ba sa so su ba ni nauyi. Ni na koya musu hakan. Gida cike da mutane, ni kuwa ban taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba. Yaron yana ta zubewa a gabana, wuyansa ya zama siriri. Muka kai shi asibiti, likita ya ce bai ga wani sabon ciwo ba, amma in ya ci gaba da ƙin abinci sai an sa masa roba ta hanci, kuma jiki irin nasa ba ya jure yunwa. Abu ɗaya na lura da shi, duk lokacin da na kawo abinci sai ya yi ta kokawa da wuyansa har ya juya wajen ƙofa. Na ce Inna yake jira, kuma ba ni da yadda zan dawo masa da ita.

Da abin ya ishe ni, na yafa mayafi na tafi Gyaɗi-Gyaɗi wurin wata dattijuwa da ɗakinta ke jingine da na Inna. Na durƙusa na gaida ta, na daɗe ina kame-kame kafin na iya cewa yaron ya ƙi cin abinci, ko ta san yadda Inna ke yi. Ta dube ni, ta ce ashe dai ina da baki. Sannan ta nuna mini da hannunta: a zaunar da shi a cinya, bayansa a jikin ƙirji, a tallafe haɓarsa, a yi masa magana dab da kunne don jinsa ba shi da ƙarfi. Na miƙe zan tafi ta ce in zauna, ba ta gama ba. Ta ce shekara da shekaru tana jiyo su ta bango. Inna takan kira cikakken sunansa, ta ce ya daure ya ci, uwarsa tana nan zuwa, kada ta zo ta tarar bai yi ƙiba ba. Kowane cokali da wannan maganar yake shiga, shi kuma yana ci yana kallon ƙofa. Ranar Juma'a tun da sassafe take yi masa wanka ta sa masa shadda, ta ce yau uwarsa za ta zo. Amma da na yi sallama sai Inna ta yi shiru, don kada ta kunyata ni a gaban mutane. In zauna, in gama gaishe-gaishena, in tafi, shi yana nan yana kallon ƙofa. Dattijuwar ta ce ta sha yi wa Inna faɗa, ta ce ki gaya wa yaron nan ga uwarsa nan zaune mana. Inna ta ce a'a, ba daga bakinta zai ji ba, ranar da 'yarta ta shirya za ta faɗa masa da kanta.

Ban san yadda na fito daga gidan ba. Da ƙafa na dawo, ina tafe ina kuka a titi kamar yarinya, masu acaɓa suna yi mini hon. Ashe ba Inna yake nema a bakin ƙofa ba. Ni yake jira, tun yana ɗan yaye, ni kuma ina zaune a gabansa duk Juma'a na ba shi baya.

Na isa gida da hantsi. Surukata, mahaifiyar maigidana, ta zo daga ƙauye ta'aziyya, tana zaune a ɗakin kusa da shi tana jan carbi. Sunan yaron sunan marigayi mijinta ne, sunan da ko a bayan idonta ban taɓa furtawa ba. Na dama kunun gyaɗa, na hau gadon, na ɗora shi a cinyata kamar yadda aka nuna mini. Ya juya wajen ƙofa. Na kai bakina kunnensa, sai da na gwada na sake gwadawa sannan sunan ya fito, muryata kamar ba tawa ba. Na ce masa ni ce uwarsa, na zo, ya yi haƙuri na daɗe. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya yi murmushi ko ya rungume ni ba. Ya ci gaba da kallon ƙofar. Na sake faɗa, na kuma sakewa. Can sai na ji wuyansa yana motsi a tafin hannuna, a hankali, da wahala, har ya ɗago ido ya sauke a fuskata. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗan saki haƙoransa. Rabin kunun a zanina ya ƙare, amma rabin ya shiga. Surukata ta ja mayafi ta rufe fuska ta fita tsakar gida. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, sai dai tafiyar da ta ce za ta yi washegari ta fasa, ta zauna tana wanke masa kaya har ya fara mai da jiki.

Yana nan da ransa, yanzu har gemu ya fito masa, kuma yana ɗakina. Mahaifinsa ya samo masa keken guragu, 'yan uwansa mata sun san shi yayansu ne, suna ji da shi. Amma rayuwar Inna na gada gaba ɗayanta. Na san yadda katin biki ke daina zuwa. Na san yadda baya ke ba da labari. Na san masu leƙowa su tsaya daga bakin ƙofa, su ce sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada, su tafi. Ba na jin haushinsu, da wane bakin? Bambancina da Inna ɗaya ne, ni na daina kara. In na gaji nakan ce na gaji, in kira 'yata ko ƙanwar maigidana in ce ta zo ta karɓe ni. Wani lokaci a zo, wani lokaci a ba ni uzuri. Duk ranar da aka karɓe ni na fita, sai in tuna yini ɗayan nan da tsohuwa ta roƙa tana kallon tukunya, na kai mata man zafi. Wannan ba ya gyaruwa, sai dai in yi ta nema mata rahama.

Don haka nake kira ga duk mai ɗan uwa ko maƙwabcin da ke riƙon yaro irin nawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada ku jira a roƙe ku, mutanenmu ba su iya roƙo ba, in kun ji mai jinya ta ce bayanta na ciwo, to ta gama faɗa muku komai. Ku shiga ɗakin, ku tambayi yaron da sunansa, ku koyi yadda ake ba shi abinci tun mai yi tana da rai, ku ce mata ta tafi unguwa yau kuna nan. 'Yan uwana mata masu riƙo da kunya, ban ce ku yar da ita ba, abu ce mai kyau. Amma kowace ta tambayi zuciyarta, kunyar ce da gaske ko gudu ne, don ni tawa gudu ce, kuma uwata ce ta biya.

Shi dai tun daga ranar nan ya daina kallon ƙofa in yana cin abinci, fuskata yake kallo. Ni ce yanzu in Juma'a ta yi, na gama yi masa wanka na sa masa shadda, sai in tsinci kaina ina kallon ƙofar.